Hana Su Saboda Gobe: Wa Zai Kwana Da Yunwa Yau?

A ƙarshen watan Disamba na 2022, ina cikin gabatar da shirina na yamma, wanda masu saurare kan bugo waya su tofa albarkacin bakinsu, sai na karanta labarin wata yarjejeniya da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Montreal na Kanada. Sun amince cewa kafin shekarar 2030 za a keɓe kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa, da kashi 30 cikin 100 na tekuna da gaɓoɓinsu, a sa su ƙarƙashin kariya. A lokacin, abin da aka keɓe na teku kusan kashi 8 ne kawai. Na karanta labarin da muryar mai albishir, don a ganina babu mai hankalin da zai ƙi a kare halittun Allah daga ƙarewa.

Mutum na uku da ya bugo wani dattijo ne, masunci, daga wani ƙauye na bakin kogin Isa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, na ji abin da ka karanta. To, ranar da suka ce kada a yi su, su ne za su kawo tuwo gidana?" Na ce masa, "Baba, ai maganar teku ake yi, ba ta kogi ba." Ya yi ƴar dariya, ya ce, "Ruwa duk ruwa ne. Can ma akwai irina." Daga nan ya ba mu labarin ranar da wasu ma'aikata suka ƙwace masa koma a wani gurbi da aka hana su, alhali jirgin wani mai hali, mai inji, yana ta jan taru a gabansu ba wanda ya ce masa uffan. Na yi masa jaje, na ce lokaci ya ja, na ɗauki wani kiran. Gaskiyar magana, amsa ce ba ni da ita.

Tun daga ranar tambayarsa take min yawo a kai. Mu a Nijar ba mu da teku, da yawanmu za su mutu ba su ga ruwan gishiri ba. Amma daskararren kifin kwali da ake sayarwa a kasuwannin Yamai da Maraɗi daga teku yake fitowa, kuma tambayar da dattijon ya yi ta girmi teku da kogi duka: shin ya halatta a hana mutum abincinsa na yau domin amfanin waɗanda ba a haifa ba tukuna? In ya halatta, wa ke da ikon hanin, kuma a kan wa nauyinsa zai faɗi?

Bari in fara da hujjar masu hani, domin tana da ƙarfi, kuma ni ban ga abin da zai rushe ta ba. Kifi yana da wuraren da yake zuba ƙwai da wuraren da ƴaƴansa ke ɓuya har su yi ƙwari: ruwa marar zurfi na kusa da gaɓa, ciyawar ƙarƙashin ruwa, saiwoyin itatuwan bakin teku. Babbar uwar kifi tana zuba ƙwai ninkin-baninkin na ƙarama. In aka kwashe manyan, aka kuma share ɗakin renon ƙananan, to an ci irin shuka ke nan. Manomi ya san wannan tun kafin masana su rubuta shi. Ko yunwa ta yi tsanani, akwai damin da ba a taɓawa a rumbu, kuma gidan da ya ci irinsa a bazara ya san abin da ke jiransa da damina. Wurin da aka keɓe a teku shi ne wannan damin. Kifin da ya girma a cikinsa ba ya sanin iyaka, yana fita waje masunta su kama.

Matsalar ita ce gona tana da mai ita, ruwa kuwa na kowa ne. In na bar ƙaramin kifi yau don ya girma, maƙwabcina ne zai kama shi gobe. Saboda haka kowa yana kwasa, ba don mugunta ba, sai don ya san haƙurinsa shi kaɗai ba zai ceci komai ba. Mutanen gaɓar Newfoundland a Kanada sun ɗanɗana ƙarshen wannan hanya. Shekaru ɗaruruwa suna rayuwa da kifin da ake kira kod, har manyan jiragen zamani suka ƙarar da shi. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta hana kama shi, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a a lokaci guda. An ce hanin na shekara 2 ne, bai tashi ba sai a 2024. Da an hana kaɗan da wuri, da ba a kai ga hana duka a makare ba.

Mu ma hani ba baƙonmu ba ne. A Argungu, maƙwabtanmu na jihar Kebbi, gurbin Matan Fada a rufe yake duk shekara, babu mai jefa koma sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Manyan giwan ruwa da ake baje wa baƙi ranar bikin, albarkar wannan rufewar ce. Ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa suna da tabkin da ba a shigarsa sai ranar su ta gari. A gaɓar Ghana, masunta da yawa ba sa fita teku ranar Talata. Ke nan dattijon da ya bugo min ya san amfanin hani fiye da ni. Abin da ya ci masa rai shi ne hanin da ya tsaya a kansa ya tsallake mai inji.

Na yi ta bin labaran wuraren da aka keɓe a teku, sai biyu suka tsaya min a rai, domin sunansu ɗaya a takarda, amma halinsu ya sha bamban.

Na farko tsibiran Chagos ne, a tsakiyar tekun Indiya. A 1965 Birtaniya ta ware su daga tsibirin Moris kafin ta ba shi ƴancin kai. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mazaunansu baki ɗaya, mutum kusan 2,000, aka zube su a Moris da Seychelles, domin a ba Amurka tsibirin Diego Garcia ta gina sansanin soja. Shekaru suka yi ta shari'a suna neman komawa gida. Sai ranar 1 ga Afrilu na 2010 Birtaniya ta ayyana ruwan da ke kewaye da tsibiran, murabba'in kilomita kusan 640,000, a matsayin wurin da aka haramta su a cikinsa. Ƙungiyoyin kare muhalli da dama suka yi ta yabo, don kuwa ruwan yana cikin mafi tsabta a duniya. Kafin shekarar ta ƙare, shafin WikiLeaks ya fallasa wata takardar diflomasiyyar Amurka ta 2009, wadda ta nuna jami'an Birtaniya sun gaya wa Amurkawa cewa keɓe ruwan zai toshe wa mutanen Chagos hanyar komawa. Mutumin tsibiri in ka hana shi su, ai ka hana shi zama. Gwamnatin Birtaniya ta musanta cewa wannan ce manufarta, kotunanta kuma ba su soke matakin ba. Amma a 2015 wata kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa ta ce an yi keɓewar ba tare da mutunta haƙƙin Moris ba, a 2019 kuma Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa ware tsibiran tun farko bai bi ƙa'ida ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an cire ruwan da ke kusa da Diego Garcia daga hanin, ma'aikatan sansanin suna iya jefa ƙugiya don nishaɗi.

Kifin Chagos ya samu lafiya, wannan babu musu. To, amma shin kyawun sakamako yana wanke hanyar da aka bi? Wani abokin aikina ya ce min kifi bai san siyasa ba, in dai ya tsira shi ke nan. Ni kuwa ina ganin abin da aka gina a kan zalunci, ko da ya amfani halittu, ya ɓata sunan alherin da aka fake da shi. Duk masuncin da ya ji labarin Chagos, ranar da aka zo masa da maganar keɓe ruwa zai ɗauka korarsa aka zo yi, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Na biyu yana kusa da mu, a gaɓar Muritaniya, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. Sunansa Banc d'Arguin. An kafa shi a 1976, faɗinsa murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi hamada rabi ruwa marar zurfi mai shimfiɗe da ciyawar teku. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Tsuntsaye kusan miliyan 2 ne ke gudo sanyin Turai da Siberiya su zo nan su yi hunturu, kifaye iri-iri kuma a nan suke renon ƴaƴansu. A cikinsa akwai ƙauyukan wata ƙaramar al'umma ta masunta, Imraguen, waɗanda yawansu bai kai 2,000 ba. An san su da wata tsohuwar dabara: maza su shiga ruwa da koma a kafaɗa, a bugi ruwan da sanda, kifayen dolfin su koro musu garken kifi zuwa gaɓa. Mata su shanya naman, su sarrafa ƙwan, su fitar da mai daga kawunan.

Da aka kafa gandun ba a kore su ba. Doka ta ce su kaɗai ke da izinin su a cikinsa, amma da jirage masu tafiya da iska, waɗanda aka ƙayyade yawansu ɗari da ƴan kai. An haramta wa jirage masu inji yin su a ciki, na gida da na waje. A nan mai inji ne aka tsayar a bakin ƙofa, talaka ya shiga. Ana kuma zama da su a tattauna irin komar da za a yi amfani da ita da lokacin da za a ɗaga ƙafa.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake siffantawa. Da ƴan kasuwa suka gano ana sayen fikafikan kifin shak da tsada a Asiya, Imraguen ɗin nan da kansu suka faɗa wa shak da danginsa, kifayen da ba sa haihuwa da yawa kuma suke jinkirin girma. A farkon shekarun 2000 aka yi yarjejeniya da su, aka karɓe tarun da ake kama shak da shi aka biya su diyya, amma kamun bai tsaya cak ba, domin busasshen namansa yana da kasuwa har Ghana. Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi. Saurayin Imraguen da yake kallon takwaransa na Nuwadibu yana fita da inji ya dawo kafin azahar, shi kuwa yana jiran iska, shin an kare shi ne ko an ɗaure shi? Wa ya tambaye shi ko yana son ya zauna yadda kakansa ya zauna domin tsuntsayen Turai su samu masauki?

Sannan ga abin da ke faruwa a bayan iyakar gandun. Kifin da ya girma a ciki yana fita ya faɗa tarun manyan jiragen ƙasashen waje. A Nuwadibu akwai masana'antu da dama da ke niƙa ƙananan kifaye, irin waɗanda talakan Senegal da Gambiya ke miya da su, a mai da su gari. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na garin, a tura shi Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Mai jirgin iska yana haƙuri, mai masana'anta yana kwasa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya nuna min cewa keɓe wuri shi kaɗai ba ya tabbatar da adalci, in an bar ragowar tekun ga mai ƙarfi.

Ma'aunin da ya fi gamsar da ni na same shi ne a wurin da ban zata ba, a karatun zaure. Malaminmu ya taɓa kawo mana labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, na makiyayar da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe domin dabbobin baitulmali. Da ya naɗa wa wurin mai tsaro, ya umurce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce masa ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, manyan sahabbai kuma manyan attajirai. Dalilinsa shi ne, in dabbobin waɗannan biyu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa suka mutu da ƴaƴansa zai zo ƙofar shugaba yana kuka, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Har ila yau ya yarda cewa ƙasar ta mutanen wurin ce, suna ganin an tauye su, kuma ba don larura ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba.

Abubuwa uku na tsinta a labarin nan. Mai hanin bai ɗauki hani abin alfahari ba, larura ce ta sa shi, kuma ya faɗa da bakinsa cewa akwai waɗanda abin ya taɓa. Ya fara ɗora nauyin a kan wanda ke da wurin komawa. Sannan ya san cewa in hanin ya jefa talaka cikin yunwa, ciyar da shi ya zama bashi a wuyan mai mulki. In aka auna Chagos da wannan mudu, ba ta cika ko rabi ba. Banc d'Arguin ta cika a cikin iyakarta, ta zube a wajenta.

Akwai wanda zai ce na cika tausayin talaka har na manta shi ma yana ɓarna. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A kogunanmu an ga masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan kifi mai tsawon yatsa, an ga masu zuba guba a gurbi su kashe komai. Talauci yana bayyana dalilin aikin, amma ba ya mayar da kifin da ya mutu. Yaron da za a haifa bayan shekara 30 shi ma talaka ne, kuma ya fi dattijona rauni, domin ba shi da wayar da zai bugo gidan rediyo. Su kansu halittun ruwan, kunkuru da tsuntsu da shak, Wanda ya halicce mu shi ya halicce su, ba mu da takardar izinin shafe su daga duniya. Saboda haka ba zan ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama don yana jin yunwa ba. Wani lokaci dole a hana talakan ma. Abin da nake cewa shi ne, kada ya zama shi ne na farko, kada ya zama shi kaɗai, kada kuma a hana shi a juya baya a tafi.

Ni kaina ban fita daga cikin lissafin ba. Nakan yi murna in na samu tulin ƙananan soyayyun kifi da araha a bakin hanya, ban taɓa tambayar da wace irin koma aka kama su ba. In ana son a bar ƙananan su girma, kifi zai yi tsada na ɗan lokaci, kuma ni mai albashi ya kamata in ɗauki wannan rabon ba tare da ƙorafi ba. Yana da sauƙi mutum ya zauna a ɗakin watsa shirye-shirye mai sanyi ya yi wa'azin haƙuri, alhali haƙurin a cikin wani za a yi shi.

Shekarar 2030 tana matsowa, gwamnatoci kuma za su so su cika adadin da suka yi alkawari. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja layi a taswira, ko dai a wurin da babu mai zuwa, ko a wurin da mazaunansa ba su da bakin magana. Ta haka za a iya cika kashi 30 ɗin a takarda, jiragen da ke ƙarar da teku kuma ba a rage musu ko taru ɗaya ba. Don haka duk ranar da aka kawo min sanarwar an keɓe wani wuri, na koyi in yi tambayoyi kafin in yi albishir. Su wa ke cin abinci a wurin kafin yau? An zauna da su, ko a rediyo suka ji? Wa aka fara tsayarwa, mai kwalekwale ko mai inji? Me aka tanadar wa wanda aka karɓe wa koma har zuwa ranar da kifin zai dawo? In ya dawo, wa zai fara kamawa?

Dattijon nan bai sake bugowa ba, ban kuma san sunan ƙauyensu ba. Da zan same shi, zan ce masa: Baba, kana da gaskiya, ruwa duk ruwa ne. Hanin ma yana da gaskiya, kai ma ka san ba a cin irin shuka. Amma wanda ya rufe rumbu ya riƙe makulli, shi ke da alhakin tuwon gidanka har kaka ta yi, kuma bai kamata ya rufe maka ƙofa ya buɗe wa mai inji taga ba. In ya yi haka, to ƙwace ya yi, ko da wane suna ya kira shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma ya ba mu ikon barin wani abu ga na bayanmu.